Yadda ake samun wanda zai canza wa agogo mai tsada batir ba tare da ya lalata shi ba

Agogon Rado da mahaifina ya yo tsarabarsa daga aikin Hajji ya fi shekara ashirin a hannunsa ruwa bai taɓa shigarsa ba, sai ranar da na kai shi wurin wani mai tebur a bakin kasuwa don a sa masa batir. Ina tsaye mutumin ya zaro wata tsohuwar wuƙa ya ɓamɓare murfin baya, ya ɗauki batir da yatsunsa ya danna, ya mayar da murfin ya matse da tafin hannu. Minti uku bai cika ba. Bayan kwana biyu, da Baba ya idar da alwalar Azahar, sai ga gilashin ya yi gumi daga ciki. Ashe siririyar robar da ke hana ruwa shiga ta tsinke wajen buɗewa, mutumin kuwa ya kaɗe ta ƙasa bai ce uffan ba. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Batirin kansa ba wani kuɗi ba ne, abin da ake biya a agogo mai tsada shi ne hannun da zai buɗe shi ya kuma rufe shi yadda ya same shi.

Kafin ka fita neman kowa, tabbatar agogon naka batir yake ci. Da yawa daga cikin manyan agogo ba su da batir sam. Dubi fuskarsa ko bayansa: in an rubuta Quartz, mai batir ne; in an rubuta Automatic, motsin hannunka ne ke wana shi, kuma in ka ajiye shi kwana biyu ko uku zai tsaya da kansa, ba lalacewa ya yi ba. Wana shi sau ashirin zuwa talatin ka ga ko zai tashi. Kusan duk Rolex haka suke. Kamfanin ya yi masu batir, irin su Oysterquartz da ya fito a 1977 aka daina shi a farkon shekarun 2000, amma in wani ya buɗe maka sabon Rolex samfurin Submariner ya ce ga batirinsa ya mutu, to abin da ya kamata ka yi baƙin ciki a kai ba batir ba ne, jabu aka sayar maka. Su kuwa Cartier da Omega da TAG Heuer da Longines da Rado suna yin iri biyun, musamman na mata da ake sawa a lefe, yawancinsu masu batir ne.

Akwai kashi na uku da ke ruɗa masu gyara: agogon da ke caji da haske ko da motsi, kamar Citizen Eco-Drive da Seiko Kinetic. Abin da ke cikinsu ya yi kama da batir amma mai caji ne. Irin wannan in ya tsaya, a fara ajiye mai cin hasken kusa da taga na wasu kwanaki, mai cin motsin kuma a kaɗa shi. Kada a bari kowa ya cusa musu batir na gama-gari.

Agogo mai batir yakan yi sallama kafin ya mutu. Za ka ga hannun sakan ya daina tafiya ɗaya-ɗaya, yana tsayawa sannan ya yi tsalle huɗu a lokaci guda, a wasu na Japan kuma biyu-biyu, alhali lokacin yana daidai. Da ka ga haka ka fara shiri. Batir yakan kai shekara biyu zuwa uku, wani ya fi, kuma mataccen batir da aka bari a ciki yana iya zubar da ruwansa ya cinye injin. Agogon da ke kwance a durowa tun bikin wance, shi ya fi shiga wannan hatsarin.

Mataki na gaba shi ne takardu. Lalubo katin garanti. Rolex da Omega suna ba da shekara biyar yanzu, wasu kamfanonin shekara biyu, kuma in wanda ba wakilinsu ba ya buɗe agogon, garantin na iya tashi a banza. In har lokacinsa bai ƙare ba, babu shawara: wurin wakilin kamfani za ka. Shafin intanet na kowane kamfani yana da wurin da ake duba dillalai da wuraren gyaran da ya amince da su ƙasa-ƙasa. A Najeriya irin waɗannan kantuna a Legas da Abuja suka taru, mutumin Kano ko Sakkwato ko Damagaram sai ya haɗa da tafiya. Kira su tukuna ka tambaya ko a nan suke aikin ko aikawa suke yi waje, don in aikawa ne, za ka yi makonni ba agogo. Masu zuwa Umara ko Dubai sukan riƙe nasu har sai sun je can, kuma dabara ce mai kyau muddin batirin bai riga ya mutu ya daɗe ba. Agogon da ke haɗa hannaye da lambobin lantarki, irin su Breitling Aerospace da Tissot T-Touch, ko da garanti ya ƙare ni dai wakili zan kai wa, saboda bayan canza batir sai an sake saita su.

In garanti ya ƙare, ƙwararren mai gyara na gari ya isa, kuma akwai su. Nemo shi ne aikin. Kada ka tambayi mai sayar da agogon bakin titi, tambayi masu sayar da zinare da manyan dillalan agogo na hannu, waɗanda in an ɓata musu kaya su ne da asara. Sunan da ka ji daga bakin mutum biyu ko uku da ba su san juna ba, je ka gan shi.

Ranar farko kada ka miƙa agogon. Ka gaisa, ka tsaya ka kalli yadda yake yi da na wasu, gani ya kori ji. Dubi teburinsa. Shin a rufe wurin yake, ko ƙurar hunturu na sauka kan injin da ya buɗe? Yana da tabarau na ido ɗaya da masu gyaran agogo ke maƙalawa? Da me yake ɗaukar batir? Matsefatar roba ake so, don ta ƙarfe tana haɗa fuskokin batirin biyu ta rage masa ƙarfi, yatsa kuma yana barin maiƙo da gumi. Sannan murfin baya iri uku ne: na murɗawa, na dannawa, da mai ƙananan sukurori kamar na Cartier da yawa. Kowanne da makaminsa. Wanda ke da wuƙa ɗaya da filaya ɗaya don duka ukun, yi masa sai an jima.

Daga nan sai tambayoyi, cikin girmamawa, don mai sana'a ba ya son a zo masa da gadara. "Malam, wane batir kake sawa?" Amsar da kake so ita ce sunan kamfani da lamba: Renata, Maxell, Murata ko Energizer, mai lamba irin 377 ko 371 ko 364, waɗanda kuma ake rubutawa SR626SW da SR920SW da SR621SW. Haruffan SR na nufin batirin azurfa mai ƙarfin bolt 1.55, wanda ke riƙe ƙarfinsa daidai har ya ƙare. Wanda ya fara da LR girmansu ɗaya, zai shiga, agogon zai tashi, amma shi ne na kati mai araha, ba ya daɗewa kuma ya fi saurin yoyo. Araha ba ta ado. Ka ce a ɓare shi daga kwalinsa a gabanka.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi: "In robar murfin ta bushe, kana da sabuwa? Kana da injin gwada shigar ruwa?" A nan ake rabuwa tsakanin mai gyara da mai canza batir. Robar nan tana bushewa da zafi da gumi, kuma duk buɗewa sai an duba ta, a shafa mata man silikon ko a canza ta. Mu da ke kai ruwa wuyan hannu sau biyar a rana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rubutun mita 30 da ke bayan agogo ma ba ya nufin a yi iyo da shi, fantsamar ruwa kawai yake jurewa, shi ma in robar lafiya take. Wanda ba shi da injin gwaji amma ya faɗa maka gaskiya, ana iya aiki da shi, sai dai daga ranar ka riƙa cire agogon kafin alwala. Wanda ya ce "Haba Alhaji, ai wannan ko a rijiya ka jefa shi," alhali bai gwada komai ba, shi ne abin gudu.

Ranar aikin, ɗauki hoton agogon gaba da baya da wayarka, lambar da aka zana a jikinsa ta fito sosai. A yi ciniki kafin a buɗe, kuma ka tsaya a yi a gabanka, aikin bai wuce minti ashirin ko talatin ba. Da an ɗaga murfi ka ɗauki hoton injin. Kusa da batirin za ka ga wani naɗi na siririyar wayar jan ƙarfe mai kama da zaren keken ɗinki. In sukudireba ta zame ta karce shi, agogon ya mutu, kuma canza shi ya ninka kuɗin batir sau da yawa. In ka ga farin gari ko tsanwa a gurbin tsohon batirin, ya yi yoyo ke nan, kada a ɗora sabo a kai sai an wanke.

Karɓi tsohon batirin ka kwatanta lambarsa da ta sabon, ka kuma ajiye shi inda yara ba za su kai ba, don haɗiye shi na da hatsari ƙwarai. Duba murfin ya zauna daidai ba gefe ɗaya a ɗage ba, ka saita lokaci da kwanan wata tun kana wurin, ka sa a rubuta maka ranar a rasit. Washegari da safe ka gwada lokacinsa da na wayarka, ka kuma karkata gilashin a haske ka duba ko ya yi gumi. In ya yi, koma da shi a ranar, kada ka jira ya bushe da kansa.