Yadda na gyara imel ɗinmu bayan an sauya mana sabar

Bayan harin DDoS (wato cunkusa wa kwamfuta buƙatu masu yawan gaske har ta kasa aiki) da ya durƙusar da sabar, wato babbar kwamfutar, kamfanin da ke ɗauke da shafinmu, sai suka kwashe akwatunan imel ɗinmu zuwa wata sabuwa. Tun daga lokacin saƙonninmu suna fita lafiya, amma ko ɗaya ba ya shigowa.

Na sauya kalmar sirri, na sake saita manhajar imel ta Outlook a kan IMAP (tsarin karɓo saƙonni daga sabar) da lambar mashiga 993 da kariyar SSL, duk a banza. Da na binciki DNS (kundin da ke haɗa sunan shafi da adireshin sabar) da umarnin nslookup -type=mx, sai na tarar bayanin MX, wanda ke faɗin sabar da za a kai wa imel ɗinmu, yana nuni ga tsohuwar sabar, domin DNS ɗinmu yana wurin masu rajistar sunan shafin, inda hannun kamfanin ba ya kaiwa.

Can na shiga, na rage TTL (tsawon lokacin da ake riƙe bayanin DNS kafin a sake dubawa) zuwa daƙiƙa 300, na mayar da MX ga sabuwar sabar da fifiko 10, na sa adireshin IP na sabuwar sabar a SPF (jerin sabar da aka yarda su aika imel da sunanmu). Sannan a cPanel, shafin sarrafa asusunmu a sabar, ƙarƙashin Email Routing, na zaɓi Local Mail Exchanger, wanda in babu shi sabar za ta ƙi ajiye saƙonnin. Alhamdulillahi, saƙon gwaji daga Gmail ya shigo, kuma ina godiya ga ma'aikacin kamfanin da ya turo mini adireshin sabuwar sabar.