Auna ƙofa kafin ka sa zarto: kurakuran masu haɗa ƙaramin layin dogo

Mu nan gefen Ringim, layin dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa gonakinmu tun 1930, shi ya sa yaro kan iya haɗa tarago da karan dawa tun bai iya rubuta sunansa ba. Yanzu kuma samari sun fara samo ƙananan jirage masu aiki da lantarki a wajen 'yan gwanjo, kuma duk wanda ya zo nuna mini nasa, ramin da na faɗa shi yake faɗawa. Na gaji da maimaita magana a bakin masallaci.

Babban kuskure shi ne shimfiɗa komai a kan falle ɗaya. Na sayo filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8, na shigar da shi ɗaki a karkace, na kafa masa ƙafafu da ƙusa, na gina duwatsu irin na Dutse da kwali da gam, ga tasha, ga gada. Wata takwas ina kai. Da auren ƙanena ya taso, Baba ya ce in kwashe kayan wasana, ɗakin na amarya ne. Abin da ya shiga siriri ya yi ƙiba. Mu huɗu muka juya shi ta kowace fuska, ƙofa ta ƙi, ga kuma lungun da ke tsakanin tsakar gida da zaure yana jira. Kafinta ya dube ni ya ce, "Malam, ko bango ko katako, zaɓi ɗaya." Ina tsaye ya raba shi uku, zarto na cin layi ina jin sa har haƙorina. Dama can ɓangaren da ke jikin bango hannuna ba ya kaiwa. In tarago ya sauka daga layi sai na hau kujera na janyo shi da sanda.

Tun daga ranar ba na yin sashe da ya wuce santimita 60 a faɗi, 120 a tsawo. Mutum ɗaya ya ɗauka, ya shiga amalanke. Tsarin gaba ɗaya kuwa a kan takardar buhun siminti nake zana shi da ainihin girmansa, in shimfiɗa a ƙasa in ɗora taragai in gani. Kuma ba na taɓa sashe na biyu sai jirgi ya yi tafiya lafiya a na farko. Wasu na cewa a harhaɗa katakon duka tukuna. Su suka sani. Ni dai na ga sassa shida sun koma wurin shanya kuɓewa a gidan wani.

Na biyu, mahaɗa. Haba samari! Ka gama sashe biyu kowane da kansa, sannan ka zo kana tura su da gwiwa kana fatan layi ya haɗu? Milimita ɗaya ta isa ta kayar da jirgi. Matse sassan biyu tare, ka huda su lokaci guda, ka ɗaure da bol da noti guda biyu. Sai ka shimfiɗa layin ya haye mahaɗar bai yanke ba, ka liƙa shi da dalma a kan sukurun tagulla ta kowane gefe, sannan ka yanka. Kada kwana ko wurin sauya layi ya faɗo a kan mahaɗa.

Nan ma na sha. Da damina na sayi ɗanyen katako don arha. Hunturu na busawa ya tsotse, ƙarfen layi bai tsotse ba, na wayi gari layi ya yi doro kamar maciji. Katako busasshe za ka nema, ka shafe shi da fenti ciki da waje, kuma inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ka bar tazarar kaurin katin waya.

Sauran ƙanana ne. Duba ma'auni kafin ka biya kuɗi: ma'aunin da ake kira HO kashi ɗaya cikin 87 ne na girman jirgin gaske, faɗin layinsa milimita 16.5, wanda ake kira N kuwa ɗaya cikin 160, milimita 9, ba sa hawa layin juna. A HO, kwanar da nisan tsakiyarta zuwa layi bai kai santimita 46 ba, dogon tarago ba zai sha ta ba. Hawa kada ya wuce santimita 2 a kowace mita. Kowane sashe ka ja masa wayarsa, kar ka dogara da mahaɗa ta kai wuta. Ƙarfin wutar batirin sola bolt 12 ne, daidai da abin da yawancin waɗannan jirage ke so, amma ba a jona shi kai tsaye babu fis da na'urar rage gudu.

Ƙura kuwa, tsohon zanin uwargida na yanka na yi wa kowane sashe murfi, layin ina goge shi da tsumma kafin in kunna. Ƙafafun teburin suna cikin gwangwanayen madara da ɗan baƙin mai saboda gara. Akuya ce kawai har yau ban sami maganinta ba, ta cinye mini rufin tasha sau biyu.