Kurakuran da masu gini a Yamai suka fi yi wajen aiki da mai zanen gida

Yawancinmu ba ma neman mai zanen gini sai abu ya riga ya ɓaci. An zuba tushe, bulo ya kai taga, sannan a lura ɗakin uwargida ba ya samun iska, ko kuma babu inda matakalar bene za ta zauna. A lokacin ne ake kiran arshitek, wato mai zanen gini, a ce ya zo ya duba. Bangon da zai iya matsarwa a kan takarda cikin minti biyar, yanzu sai an sa masa guduma, an yi asarar siminti da ladan magina. A kai mai zanen filin tun ba a sauke yashi ba, in da hali ma tun kafin a biya kuɗin filin.

Dalilin da ya sa na ce haka shi ne ruwa. Duk wanda ya ga abin da kogin Kwara ya yi a watan Satumba na 2020, lokacin da ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoye da Saga, ya san ba kowane fili ake ginawa yadda aka ga dama ba. Ko nesa da kogi akwai filayen da suke kan hanyar ruwan damina, kamar gefen kwarin Gunti Yena, kuma da rani ba a gane su. Mai zanen da ya san aikinsa zai duba shatar da ruwa ya bari a katangar maƙwabta, ya tambayi tsofaffin unguwa inda yake kaiwa, sannan ya ɗaga daɓen gida sama da titi. In bene ne, zai ce a auna ƙasar kafin a yanke zurfin tushe. Mutane na ganin wannan awo ɓarnar kuɗi ne, alhali bai kai kuɗin ɗinke bango ɗaya da ya tsage ba. A nan ne kuma zai nemi takardun fili da turakun iyaka, domin da su ake neman izinin gini a ofishin magajin gari. Kada a fara aiki ba izinin.

Sai kuskuren hoto. Mutum ya ga gidan Dubai a Facebook, gilashi tun daga ƙasa har sama, ya miƙa waya ya ce: "Irin wannan nake so, kada ka canza komai." A garin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, gilashin da ya fuskanci yamma wahala ce, kuma ranar da wuta ta ɗauke ba mai iya zama a falon. Ga hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, ƙofar da ta kalli can ba rumfa sai ta sha ruwa. Ka nuna hoton, ba laifi, amma ka faɗi abin da ya burge ka a ciki, ka bar mai zane ya daidaita shi da ranarmu da ƙurarmu.

Ina kuma roƙon kada a raina shi in ya kawo maganar yin gini da ƙasa. Mariam Issoufou Kamara, arshitek 'yar Nijar, da abokan aikinta sun gina gidajen Niamey 2000 da tubalin ƙasa da aka matse da inji, haka ma masallacin Dandaji a jihar Tawa. Masallacin Yama, wanda Falke Barmu ya gina da laka, ya samu kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Bango mai kauri na ƙasa yana riƙe sanyi yadda bulon siminti mai rami ba ya iyawa.

Abu biyu ake ɓoye wa mai zane, kuma dukansu suna dawowa kan mai gida: kuɗi da iyali. Wani yana da miliyan goma sha biyar ya ce yana da talatin don kada a raina shi, gini ya tsaya a linta shekara da shekaru, ƙarafa na tsatsa a sama. Faɗi gaskiyar abin da ke hannunka, ya tsara maka aikin kashi-kashi, ka shiga ɓangare ɗaya kana ƙarasa saura. Haka in kana da niyyar ƙara aure, ko tsohuwarka za ta dawo wurinka, ko kana kiwon tumakin layya, ka faɗa. Kuma a zauna da matar gida kafin a sa hannu a zanen. Ita ta san inda murhu zai zauna hayaƙi bai shiga ɗaki ba, da inda baƙi maza za su bi ba su ratsa tsakar gida ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne a karɓi zane a sallami mai shi, a ce ɗan kwangila ya isa. Zane ba ya tsare kansa. An rubuta ƙarfe mai lamba 12 a ginshiƙi, sai a sa mai lamba 10 da bai kai shi kauri ba, ba kuwa wanda zai gani da zarar an zuba kankare. Kankaren ginshiƙi da rufi ana so ya samu kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu bakwai. A wurin aiki sai ya koma biyar, a cika da yashi. Bayan an zuba, ya kamata a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai kwana 28, amma sai ka ga an cire katakon tallafi da wuri don a kai shi wani aikin. Saboda haka a sa zuwan arshitek duba aiki cikin yarjejeniya tun farko, a rubuce, musamman ranar da aka gama ɗaura ƙarfe kafin a rufe shi. Lissafin ƙarfen kansa aikin injiniya ne, ka tambaya wa ya yi shi. 'Yan'uwanmu da ke Abijan ko Legas suna turo kuɗi su ne suka fi bukatar wannan ido, domin hoton da ake aiko musu ta WhatsApp ba ya nuna abin da ke cikin ginshiƙi.

Ka tabbatar kuma mai zanen yana cikin rajistar ƙungiyar arshitek ta Nijar. Ba duk mai kwamfuta ba ne.

Masu gyaran tsohon gida nasu kuskuren gaggawa ce. A ce za a faɗaɗa falo, a fasa bangon da yake ɗauke da rufi. Ko a ɗora bene a kan tushen da aka yi wa gidan da ba bene ba. Wasu kuma su shafe bangon laka da siminti tsantsa, damshi ya taru a baya, bayan damina biyu shafen ya ɓamɓare da laka a jikinsa. Kafin a taɓa komai, a bar mai zane da injiniya su tona gefen tushe su ga zurfinsa, su bi inda wayoyin wuta da bututun ruwa suka bi. Duk canjin da ka yi tunaninsa ana cikin aiki, kada ka faɗa wa magini kai tsaye. Ka kira mai zane ya gyara takarda, ya gaya maka abin da zai ƙaru a kuɗi, in ka amince ku sa hannu, sannan magini ya ɗauki cokalinsa.