Yadda za ka tsara garejin gidanka in kai mai son mota ne a Kaduna

Kaduna garin mota ne, tun 1975 kamfanin PAN da ke Kakuri ya fara haɗa Fijo a nan, kuma har yau akwai masu riƙe da 504 da 505 da 406 suna lallaɓa su, ga matasa masu ƙananan motoci da ke kashe kuɗi kan taya da fenti. Amma ka shiga gidajenmu ka ga inda motocin ke kwana, yawanci 'yar rumfar kwano ce aka kafa bayan an gama gini an ga saura wuri, ko kuma wani ɗaki matsattse da in ka shiga da mota sai ka yi dabara kafin ka fito daga cikinta. Wannan abin yana damuna gaskiya, don mutum ya tara kuɗi ya sayi mota mai kyau sannan rana da ƙura da ruwa su cinye ta a cikin gidansa. To in kana shirin gini, ko kana da fili a gefen gida, ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin.

Kafin ka kira birkila ka ɗauki tef ka auna motarka, kuma ka auna har da wadda kake burin saya nan gaba. Corolla tsawonta wajen ƙafa 15 ne, Land Cruiser ta ɗan haura 16, Hilux mai ƙofa huɗu kuwa tana kai ƙafa 17 da rabi, faɗinsu duka yana wajen ƙafa 6 zuwa 6 da rabi ba a lissafa madubi ba. To ba jikin motar kaɗai za ka yi wa wuri ba, ƙofa za ta buɗe, but zai ɗaga, kai ma za ka tsaya gaban bonet ka sunkuya, don haka ka bar aƙalla ƙafa 3 a kowane gefe, a gaba kuma ka ƙara na teburin aiki. Mota ɗaya dai kada ka yi ƙasa da ƙafa 13 a faɗi da 23 a tsawo, ciki da ciki, in biyu ne faɗin ya kai ƙafa 24. Na san a fili 50 da 100 wannan ya kusa cinye rabin faɗin fuskar gida, maigida zai ji zafin abin, uwargida ma za ta ce an rage mata tsakar gida, amma wallahi gara gareji ɗaya mai yalwa da biyu matsattsu, ɗaya motar ta kwana a rumfa. Ƙofar kuma faɗinta ƙafa 10, tsayinta ƙafa 8, saboda ranar da za ka shigo da kaya a saman mota. Kuma tsakanin get da ƙofar gareji in da hali a samu kamar ƙafa 20 da za ka juya ba sai ka yi gaba da baya sau biyar ba.

In gini ne sabo ka sa garejin cikin zanen da za ka kai KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, tun farko, in ƙari ne ma ka je ka nemi izini, kuma kada ka ci titi ko ka toshe lambatu, ba wanda zai so ya wayi gari ya ga jan fenti a bangonsa.

Sai maganar inda ƙofa za ta kalla, wannan mutane ba sa kula da shi ko kaɗan. Mu nan hadari daga gabas yake tasowa, in ƙofarka ta kalli gabas duk ruwan da iska ta kaɗo a bakinta zai sauka ya bi ta ƙasa ya shiga. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa da ƙurarta tun daga Nuwamba har Fabrairu. Yamma kuma rana ce daga azahar zuwa magariba, ƙofar ƙarfe ta ɗau zafi ta mayar da cikin kamar tanda. Kenan kudu ta fi sauƙi in filinka ya ba da dama. In bai ba da ba, don titi ne ke yanke wannan hukuncin, to ka fito da rufi ya zarce ƙofar da ƙafa 4 ko 5, sannan a sa roba a ƙasan ƙofar da gefenta.

Yanzu ƙasa, kuma a nan nake so ka fi kashe kuɗi, duk abin da za ka rage ka rage a wani wuri. Daɓen gareji ba daɓen ɗaki ba ne, nauyin da kan iya kai tan 2 ko fi zai zauna a kan tafin taya huɗu kullum, ranar da ka sa jak kuma kaso mai yawa na nauyin zai taru a wuri ɗaya da bai fi tafin hannu ba. A cika da jar ƙasa a daddanne ta sosai da inji, kashi kashi ana yayyafa ruwa, a shimfiɗa leda mai kauri don danshi kada ya taso, a sa ragar waya ko rodi, sannan a zuba kankare mai kaurin inci 6, haɗin siminti 1 yashi 2 tsakuwa 4, kuma ka tsaya da kanka ranar zubin don a nan ake ƙara yashi a rage siminti. Bayan an zuba a yi ta ba shi ruwa safe da yamma na kwana 7 aƙalla, kuma kada ka yi gaggawar shigar da mota, sai wajen kwana 28 kankare ke kai ƙarfinsa. A yi masa ɗan gangare zuwa ƙofa, kamar rabin inci a kowace ƙafa 3, yadda ruwan da ya biyo mota zai fita da kansa. Sannan daɓen ya fi tsakar gida tudu, tsakar gida ta fi titi tudu. Duk wanda ya san yadda ruwan Agusta da Satumba yake a garin nan, balle masu zama kusa da kogi irin su wajen Kigo Road, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Amma fa kada garin ɗaga gida a yi maka hawa mai tsini a bakin get da zai riƙa kankare bamba da salansa, duk ƙafa 1 da aka hau a ba ta tsawon ƙafa 8 ko fi, musamman in motarka mai ƙasa ƙasa ce.

Tayil na ɗaki ni ban yarda da shi a gareji ba, jak na fasa shi, in mai ya ɗiga a kai kuma santsi ne da zai iya kayar da mutum. Intalok yana shan baƙin mai, tabon ba ya fita. A goge kankaren ya yi sumul, in ya bushe sarai bayan wata guda a shafa masa fentin epoxy mai ruwan toka mai haske, shi ne in noti ya faɗi za ka gan shi, in mota ta fara yoyo da safe za ka ga ɗigon ka gane na mene ne.

Akwai muhawarar rami ko na'urar ɗaga mota. Mun saba ganin rami a garejin makanikai shi ya sa kowa shi yake fara tunani, kuma yana da arha, zurfin ƙafa 5 faɗin da bai kai ƙafa 3 ba. Sai dai a gida yana da matsala, da damina a unguwanni masu ruwa kusa zai riƙa tsatsa ya cika, tururin fetur ya fi iska nauyi don haka cikin ramin yake kwanciya ana ƙyasta wuta ya kama, ga yara da ke shiga ko ina. Ni shawarata ka ɗaga bangon yanzu, tsayin ciki ya kai ƙafa 12, da kankaren nan mai inci 6, ko ba ka da kuɗin na'urar ɗaga mota mai ƙafa biyu a bana ranar da ka samu ba sai ka fasa komai ba, ƙarin layin bulo kaɗan ne kawai, kuma ɗaki mai tsayi ya fi sanyi. Kafin nan jak mai kwanciya da ƙafafun ƙarfe guda huɗu sun ishe ka juyen mai da canjin birki. Don Allah ɗan'uwa kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma kada ka tokare ta da bulo, bulo fashewa yake yi lokaci ɗaya ba ya ba da sanarwa.

Iska ita ce ta biyu a wurina bayan ƙasa. Hayaƙin mota da na janareta akwai guba a ciki wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum sai dai ya ji kasala da ciwon kai ya kwanta, mun sha jin iyali guda sun rasu a dare ɗaya ta wannan hanyar, Allah ya kiyaye. Don haka janareta ba ya zama a gareji, a yi masa wurinsa daban a waje nesa da tagogi. Ɗumama mota da safe, a buɗe ƙofa gaba ɗaya ko a fito da ita. In garejin manne yake da gida, kada ya haɗa taga da ɗakin kwana, ƙofar da ke shiga cikin gida kuma ta zama ta ƙarfe mai rufuwa ruf. A bar kafofin iska a bango biyu masu kallon juna, wasu ƙasa wasu can sama dab da rufi, a sa musu raga. Na saman suna da amfani na musamman yanzu, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 mutane da yawa sun mayar da motocinsu masu amfani da gas ɗin CNG, shi kuwa wannan gas ya fi iska rashin nauyi, in ya yi yoyo sama yake taruwa, to ya samu hanyar fita. Rufi kuma in kwano ne a sa masa silin ko abin tare zafi a ƙarƙashi, in ba haka ba watan Maris da Afrilu ba za ka iya minti goma a ciki ba.

Wuta: ka sa mai wayarin ya ja wa gareji layinsa daban da bireka ɗinsa da waya ta ƙasa mai kyau. Soket ya yi yawa, a kowane bango, a tsayin ƙugu yadda ruwa ba zai kai ba, da guda ɗaya babba na kwamfireso ko injin walda. A binne bututu ɗaya fanko daga mita zuwa gareji ko don motar lantarki wata rana, yanzu kuɗinsa kaɗan ne. Fitila kuma ƙwai ɗaya a tsakiya ba ya aiki, motar ce za ta tare hasken, dogayen LED farare za a jera ta gefe da gefe da kuma saman inda bonet ke tsayawa, kuma a haɗa su da inbata ko sola don kada a ɗauke wuta kana tsakiyar kwance taya. Bango a yi masa farin fenti mai wankuwa.

Kayan ƙarfe ka tafi Panteka, masu walda a can za su haɗa maka teburin aiki mai tsayin ƙafa 3 da kantoci da ƙofar gareji daidai awonka, ka dai nace a kan kaurin ƙarfen kuma a yi masa jan fenti na hana tsatsa kafin fenti na sama. Komai ya hau bango, ƙasa ta zama fili, sifanu da filaya da sukudireba a rataye inda ido zai gan su, ƙananan kaya a durowa mai rufi saboda ƙurar hunturu. Ka nemi ƙaramar na'urar OBD2 mai gano matsalar mota, motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da wurin jona ta ƙarƙashin sitiyari, in fitilar inji ta kama kai ma ka san abin da ke faruwa kafin ka je wajen makaniki. Gwangwanin kashe gobara mai hoda a rataye shi kusa da ƙofar fita, da bokitin yashi, don wutar fetur ba a zuba mata ruwa. Jarkokin mai kuma ba wurinsu ba ne nan.

Wani abu da na san zai jawo magana a gida, gareji ba sito ba ne. Da zarar buhun masara ko shinkafa ya shiga, ɓeraye sun shiga, su kuwa ɓeraye injin mota mai ɗumi suke so su kwana a ciki su ci wayoyi, aikin wayarin ɗin mota ta zamani kuma kowa ya san kuɗinsa. A yi wa hatsi ɗakinsa tun a zane, a toshe duk wata kafa da ke ƙasan ƙofa. Motar da ba kullum ake hawa ba a rufe ta da mayafi mai laushi, ba tamfol ba don yana goge fenti, a cire kan batir ko a jona masa ƙaramar caja, duk mako a fito da ita ta ɗan zaga unguwa.

In wuri ya ragu ka ajiye benci da fanka da 'yar tabarma a lungu, abokai za su zo, hira a gaban buɗaɗɗen bonet tana da daɗinta. Wurin wanki dai a waje za a yi shi, gaban ƙofar, da famfo da kankare mai gangare zuwa magudana, don danshi a cikin rufaffen gareji tsatsa yake kawowa. Baƙin man da ka juye kuma ka tara shi a jarka mai murfi ka kai wa masu juyen mai ko masu saye, kada ka zuba a lambatu ko a ƙasa, unguwanninmu da yawa rijiya da burtsatse ake sha, ruwan lambatun kuma ƙarshensa Kogin Kaduna ne.