Yadda na gyara hotunan jaket ɗina

Da hunturu ya kama a Bauchi, sai na fara saro jaket na gwanjo a kasuwar Wunti, in saka a jikina, ƙanena ya ɗauke ni hoto, in ɗora a WhatsApp. Mako biyu cur babu wanda ya tambayi ko farashi. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ɗan jarina ne ke kwance.

Yayata ce ta gano matsalar. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Kai, duba bayanka mana." Na duba: igiyar shanya cike da zannuwa, ga bokiti, ga ƙofar ɗaki a buɗe, ciki duhu. Baƙar jaket ɗin ta ɓace cikin duhun nan, ko zif ɗinta ba a gani. A wani hoton kuma rana ce a bayana, wayar ta bi hasken sama, ni da kayan muka koma inuwa.

Yanzu jaket mai duhu a jikin farin bangon zaure nake ɗaukarta, mai haske kuma a jikin katangar jar ƙasa, wadda ni dai ta fi burge ni. Ina matsawa taku biyu daga bango don kada inuwata ta manne masa, in fuskanci haske. Bayan La'asar, wajen ƙarfe 5, hazo ya riga ya rage zafin rana, launi yakan fito yadda yake. Ƙura kan dusashe idon kyamarar, don haka sai na goge shi da ƙyalle mai laushi kafin kowace ɗauka.

Ranar da na sake ɗorawa, kafin Isha aka sayi uku.