Takardar Shaidar Wutar Sola: Yadda Take Aiki da Abin da Za a Duba

Wutar da KEDCO ke kawowa Kura ko Haɗejia gauraye take: ta madatsun Kainji da Shiroro da ta tashoshin iskar gas duk waya ɗaya suke bi, kamar hatsin gonaki da yawa a rumbu ɗaya. Mita ba ta tantance su. Shi ya sa aka ƙirƙiro takardar shaida, wadda a ƙasashe irin namu aka fi sani da I-REC. Kowace takarda ɗaya tana tabbatar da cewa an samar da yunit 1,000 daga rana, iska ko ruwa. Yunit ɗin nan shi ne dai wanda kake saye a mitar kati.

Takardar ba ta ƙara maka wuta, ba ta rage kuɗin wata. Abin da take bayarwa shi ne ikon cewa "da wuta mai tsafta na yi aiki". Mai casar shinkafa ko mai fitar da riɗi da zoɓo zuwa Turai shi zai fi buƙatarta, idan masu saye suka nemi hujja.

In saye za ka yi, tara yunit ɗin shekara ka raba da 1,000. Injin da ya ci yunit 60,000 takarda 60 yake buƙata. Ka nemi ta tashar da ke Najeriya, ta shekarar da ka sha wutar, sannan dillali ya soke ta, wato ya rubuta an yi amfani da ita, a rajistar I-REC da sunan kamfaninka, ya ba ka shaidar sokewar. Muddin ba a soke ba, ana iya sayar wa wani, kuɗinka ya tafi a banza.

In kuwa garinku na da ƙaramar tashar sola, a nan ake buƙatar lura. Sai an yi wa tashar rajista, an kafa mita ta musamman a ɓangaren sola, ana tura karatunta. Wutar janaretan dizal ba ta shiga lissafi. Mita ɗaya ga sola da janareta tana ɓata komai. Tashar kilowat 100 a yanayin Kano za ta iya ba da takarda kamar 160 a shekara, amma ƙurar hunturu a kan faranti tana rage wannan, haka ma in batir ya cika da rana babu mai jan wuta. A riƙa wanke faranti da sassafe, a mayar da niƙa da ban ruwa tsakar rana.

Farantin gida mai wat 300 sai ya shekara biyu kafin ya tara takarda ɗaya, don haka rajistarsa shi kaɗai asara ce. Sai dai a haɗa da yawa ƙarƙashin dillali guda.

Kafin mai gari da kwamitin wuta su sa hannu da kamfanin sola, a rubuta ƙarara wa ke da takardun, da kason da zai dawo wa gari in an sayar. Wanda ya sayar kuma ya daina tallar cewa kayansa da sola aka sarrafa, don wannan ikon ya koma hannun mai saye.