Yadda ake fitar da akushi a injin juya icce ba tare da ya tsage ba

A Turai da Amurka masu sha'awar juya icce suna son iccen ceri, don yana yankuwa cikin sauƙi kuma jansa yana ƙara duhu idan ya daɗe yana shan haske. Ba ya fitowa a ƙasarmu, amma mu ma ba mu rasa ba. Maɗaci yana ba da wannan jan, mangwaro yana da taushi kuma ya dace da kwanon abinci, dogon yaro kuwa ga shi ko'ina a Yamai, sai dai yana da wari yana ɗanye. Kirya a bar wa masu turmi, tana dakushe ƙarfe nan da nan. Mai koyo ya fara da mangwaro. Katakon da ake sayarwa a Kasuwar Katako yawanci bai kai kaurin akushi ba, don haka gungume za ka nema wurin masu sassabe ko wanda ya sare icce a gidansa. Kada ka sare mai rai ba da izinin ma'aikatan gandun daji ba.

Ɗauki gungume mai kaurin santimita 25, ka yanke tsawon 25, ka raba shi biyu a tsaye da zarto. Cire zuciyar da ke tsakiya ɗungum, kamar yatsa biyu ta kowane gefe, domin daga nan tsagewa take farawa. Kowane ɓari akushi guda ne, bakinsa yana wajen da aka raba. Zana da'irar santimita 20, ka zubar da kusurwoyin. A kan shafaffen gefen za ka ɗaura faifan ƙarfen da ke riƙe iccen a jikin injin da ƙusoshi masu murɗi huɗu zuwa shida, kowace ta shiga iccen kamar santimita 2.

Kafin ka kunna, juya iccen da hannu ka ga bai taɓa madogarin da ake ɗora ƙarfen sassaƙa a kai ba. Tsakaninsu kada ya wuce milimita 5. Fara da juyi 500 a minti, idan iccen ya zama da'ira ya daina girgiza injin ka hau zuwa 800 ko 1000. Babbar riga, jelar rawani da carbi a wuya, duk a tuɓe su a rataya. Garkuwar fuska ta roba ake sawa, tabarau kaɗai bai isa ba, kuma ka tsaya gefe guda lokacin da injin ke tashi.

Ƙarfen akushi shi ne mai zurfin kwarmi, na milimita 10 zuwa 13, an wasa bakinsa wajen digiri 55. Faffaɗan ƙarfen nan da ake sassaƙa ƙafar tebur da shi kada ya kusanci akushi, wutsiyarsa siririya ce, tana karyewa cikin ƙota. Ka fara ɗora ƙarfen a madogari, wasasshen gefensa ya shafi iccen, sannan ka ɗaga ƙotar a hankali har ya soma ci. Idan ya yi daidai za ka ga ɓawon yana fita dogo dogo kamar taliya, da danshinsa yana fesa maka a hannu. Idan gari yake fitowa, ƙarfen ya dakushe ko kankara kake yi. Idan kuma ya cafke ya yi tsalle, kusurwar bakin ce ta nitse ba tare da wasasshen gefen ya jingina da iccen ba.

Bayan akushi ana yanka shi daga gindi zuwa baki, cikinsa kuwa daga baki zuwa tsakiya. Wanda ya juya wannan zai ga wurare biyu masu fuskantar juna sun yi kaushi, saboda ya yanka gaba da jijiyar iccen. A gindi ka bar ɗan tudu mai tsayin milimita 6 wanda bakin injin mai damƙe icce zai cije idan ka juya akushin don rarake ciki.

Yanzu ga inda aka fi asara. Ɗanyen icce ba a gama shi rana ɗaya. Ka bar kaurin bango kashi ɗaya cikin goma na faɗin akushin, wato santimita 2 ga na 20, kuma kaurin ya zo ɗaya daga baki har gindi, don wuri mai kauri da siriri ba sa bushewa tare. Icce yana tsukewa ta faɗinsa, tsawonsa kusan ba ya motsi, shi ya sa akushin zai koma kamar ƙwai. Wannan kaurin ne zai ba ka damar mai da shi da'ira daga baya. Shafa narkakken kaki ko gam ɗin kafinta a gefuna biyun da jijiyar ta fito, ka sa shi cikin buhun takarda tare da ɓawon da ka sassaƙe daga jikinsa, ka ajiye a ƙasa cikin ɗaki, nesa da taga. Leda ba ta yi, fumfuna take kawowa. A lokacin hunturu da bazara, akushin da aka bari a fili yana iya tsagewa kafin gari ya waye, har a tsakiyar aiki ma idan ka tashi salla ka rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Da damina abin ya fi sauƙi. Auna shi a sikeli duk mako ka rubuta a jikinsa da fensir. Idan nauyin ya tsaya mako uku a jere, ya bushe, galibi bayan 'yan watanni.

Sai a mai da shi kan inji, a fara daidaita tudun gindin, a rage bangon zuwa milimita 8. A rage gudu, a janye madogarin, a goge da samfefa mai lamba 80, 120, 180, 240, ba tsallake, da takunkumi a hanci domin ƙurar maɗaci tana sa atishawa da ƙaiƙayi. Man gyaɗa yana ɗoyi idan ya daɗe a cikin icce. A haɗa kakin zuma kashi ɗaya da man farafin na kantin magani kashi huɗu, a narkar, a shafa sau biyu, kwana guda tsakani.